Lasifikar sutudiyo mai amfilifaya

Lasifikar sutudiyo mai amfilifaya wata irin lasifika ce da ake amfani da ita a ɗakunan naɗar sauti, gidajen rediyo da talabijin, da wuraren tace fina-finai, domin a ji abin da aka naɗa yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ta bambanta da lasifikar gida wadda ake ƙerawa don ta yi wa kunne daɗi, domin ita aikinta ta fallasa aibin sauti kafin waƙa ko fim ya fita. Amfilifayarta tana cikin akwatinta, saboda haka kowace lasifika tana da wayar wutarta daban. Yawancin matsalolin da ake ɗora mata daga wurin da aka ajiye ta ko daga yadda aka haɗa wayoyinta suke fitowa.

Tarihi

Lasifikun sutudiyo na farko ba su da amfilifaya a ciki. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Altec 604 ta ƙasar Amurka, wadda ta fito a 1944, da Yamaha NS-10 ta Japan mai farin faifai, wadda ta fito a 1978. Kamfanin Klein + Hummel na Jamus ya fitar da samfurin OY mai amfilifaya a 1967. A 1978 aka kafa kamfanin Genelec a garin Iisalmi na ƙasar Finlan, wanda ya fara da ƙera irin wannan lasifika domin gidan rediyon ƙasar. A yau ita ce aka fi samu a ƙananan sutudiyo.

Yadda take aiki

Mafi yawansu suna da baki biyu: babba mai fitar da sauti mai kauri, da ƙarami mai fitar da siririn sauti. Akwai na'ura a ciki da ke raba sautin gida biyu, sannan kowane baki ya samu amfilifayarsa. A bayan akwatin akwai maɓallin ƙarar murya, wasu kuma suna da maɓallan rage kaurin sauti idan an ajiye su kusa da bango.

Wurin ajiyewa

Ana ajiye lasifiku biyun yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kan mai saurare, wato kusurwa uku masu tsawo ɗaya. A ƙaramin ɗaki tazarar takan kama daga mita 1 zuwa mita 1.5. Ana karkato su su fuskanci mai saurare, ƙaramin bakin kuma ya yi daidai da tsayin kunne. Nisan kowace daga bangon gefenta ya zama ɗaya, in ba haka ba murya za ta karkata gefe guda.

Bango yana mayar da sauti. Idan sautin da ya dawo daga bangon baya ya haɗu da wanda ke fitowa daga lasifika, wani zango na sautin yakan dushe. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan gaban lasifika yana da nisan mita 1 daga bangon bayanta, dushewar takan faɗo a wajen 86 Hz, inda muryar gita mai kauri da ta babbar ganga suke. Mai haɗa sautin da bai san da haka ba sai ya yi ta ƙara kauri, waƙar ta fita tana rugugi a mota da gidan biki. Kusurwar ɗaki kuwa tana kumbura kaurin sauti fiye da kima.

Ɗora lasifika kai tsaye a kan tebur yana sa teburin ya yi karkarwa tare da ita. Ana magance wannan da ƙafar lasifika ko da soso mai tauri a ƙarƙashinta. Ana kuma manna alluna masu shanye sauti a bangon gefe, a daidai wurin da mai saurare zai hango lasifika idan aka kafa madubi.

Ire-iren kutsen lantarki

Ana gane tushen kutse daga irin ƙarar da yake yi.

Gurnani mai kauri wanda ba ya sauyawa daga wutar gida yake. Wutar Najeriya, Nijar da ƙasashen Turai tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60, shi ya sa ake jin gurnanin a 50 Hz ko 60 Hz da ninkinsu. Babban sanadinsa shi ne na'urori biyu su haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu, ta wayar ƙasa ta soket da kuma ta rigar wayar sauti. Wannan yana yin zobe wanda ƙaramar wuta ke zagayawa a cikinsa har ta shiga sautin.

Siririn kuka mai sauyawa idan an motsa linzamin kwamfuta ko hoto ya sauya a allo yakan fito daga kwamfutar, ta wayar USB ko ta caja.

Ƙarar "dit-dit-dit" kafin kira ya shigo daga wayar salula take. Tsarin GSM yana aika saƙo a gutsure, kusan sau 217 a daƙiƙa.

Huci maras yankewa kuwa na amfilifayar kanta ne. Kaɗan daga cikinsa ba aibi ba ne idan sai an kanga kunne ake jinsa.

Hanyoyin magancewa

Mataki na farko shi ne a cire wayar sauti daga bayan lasifika a bar ta wuta kaɗai. Idan ƙarar ta tsaya, matsalar tana wajen waya ko na'urar da ke gaba. Daga nan sai a riƙa mayar da na'urori ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, cire caja a bar ta a kan batir yana nuna ko daga cajar ne.

Wayoyin XLR da TRS sun fi na RCA kariya. Suna ɗauke da sautin a layi biyu, duk kutsen da ya shiga a hanya yakan shiga layukan daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakanin layukan kawai take ɗauka, sai kutsen ya soke kansa. Wannan yana aiki ne idan mashiga da mafita duk irin wannan tsari gare su.

Sauran matakan sun haɗa da:
- jona kwamfuta, katin sauti da lasifiku duka a soket ɗaya;
- raba wayar sauti da wayar wuta, idan dole su haɗu su gitta juna maimakon su jeru;
- nisantar da wayar salula, caja da taransifoma daga lasifika;
- kauce wa layin da firiji, na'urar sanyaya ɗaki ko injin jan ruwa ke kai;
- sanya ƙaramar taransifomar raba sauti a kan wayar sauti domin ta yanke zoben;
- rage maɓallin bayan lasifika, a ƙara ƙarfin sautin daga katin sauti, domin huci ya ragu.

A wuraren da ake dogaro da janareta ko inbata, ƙarfin wuta yakan yi hawa da sauka, kuma gine-gine da yawa ba su da wayar ƙasa mai aiki. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta amma ba ta kawar da gurnanin zobe, sai mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta ginin.

Kariya

Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta fulogi domin gurnani ya tsaya. Yakan tsaya, amma wannan ƙafa ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta lalace. Idan babu ita, jikin na'ura da makirufo suna iya ɗaukar wutar da za ta kashe mutum. A kan wayar sauti ake yanke zobe, ba a kan wayar wuta ba.

Ana kunna lasifika a ƙarshe, a kuma fara kashe ta, domin ƙarar kunna sauran na'urori tana iya lalata bakinta. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sanya desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar ƙarar da ma'aikaci zai zauna a cikinta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.