Dabarun shirya fina-finan zombi

Fina-finan zombi wani reshe ne na fina-finan ban tsoro da ke nuna duniya bayan gawarwaki sun tashi, ko kuma wata cuta ta mayar da mutane mafarautan 'yan uwansu, har gwamnati da doka suka rushe. Babbar matsalar mai shirya irin wannan fim ita ce yadda zai gamsar da mai kallo cewa duniya ta ƙare, alhali abin da yake da shi bai wuce gida ɗaya, 'yan wasa kaɗan da ƙaramin kasafin kuɗi ba. Yawancin dabarun da aka san waɗannan fina-finai da su sun samo asali ne daga ƙoƙarin magance wannan matsala.

Asali

Kalmar zombi ta shiga fina-finan Amurka daga al'adun ƙasar Haiti, inda take nufin gawar da boka ya tayar ya sa ta bauta. Haka aka nuna ta a fim ɗin White Zombie na shekarar 1932, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki. Salon da aka sani a yau ya fara ne da Night of the Living Dead na shekarar 1968, wanda George A. Romero ya ba da umarni. Littafin I Am Legend na Richard Matheson, wanda ya fito a 1954, ya yi tasiri a kansa. A fim ɗin Romero babu boka, gawarwakin suna cin naman mutane, kuma wanda ya mutu yakan tashi ya shiga cikinsu. An ɗauki fim ɗin a yankin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania, da kuɗin da ya kai kusan dala 114,000.

Rufaffen wuri da labaran rediyo

Dabara ta farko ita ce tara mutane kaɗan a wuri guda a kewaye su. A fim ɗin 1968 gidan gona ne. A Dawn of the Dead na 1978 katafariyar kasuwar zamani ce ta Monroeville, wadda ake ɗaukar fim a cikinta da dare bayan an rufe shaguna. A Day of the Dead na 1985 wani sansani ne a ƙarƙashin ƙasa, a Train to Busan na 2016 kuma taragan jirgin ƙasa ne. Wannan yana rage kuɗin aiki, yana kuma mayar da hankalin labarin kan rigimar da ke tsakanin waɗanda suka tsira: wa za a buɗe wa ƙofa, wa za a bari a waje.

Abin da ke faruwa a sauran duniya kuwa, ta rediyo da talabijin ake jin sa. Romero ya sa 'yan wasansa suna sauraron masu karanta labarai da jami'an da ke ba da bayanai marasa tabbas. Mai kallo ne ke ƙarasa hoton a zuciyarsa. Idan tashar ta yi shiru a tsakiyar fim, shirun kansa ya isa ya nuna cewa hukuma ta faɗi.

Birni ba kowa

Hoton babban birni babu mutum ko ɗaya yana cikin alamomin wannan salo. Misalin da ya fi shahara yana cikin 28 Days Later na 2002, na darakta Danny Boyle, inda jarumin, Cillian Murphy, ya farka a asibiti ya fito ya tarar da birnin Landan fayau, har ya ratsa gadar Westminster shi kaɗai. An ɗauki waɗannan fitowa ne da sassafe, ana tsayar da motoci na ɗan gajeren lokaci. Mai ɗaukar hoto Anthony Dod Mantle ya yi amfani da ƙananan kyamarorin bidiyo samfurin Canon XL1, waɗanda ake iya jera da yawa a lokaci guda a ɗauka ta kusurwoyi daban-daban kafin a saki hanya. Hoton da suke bayarwa ba shi da tsabta sosai, kuma hakan ya sa fim ɗin ya yi kama da bidiyon da aka ɗauka a wurin wani bala'i na gaske. A 28 Years Later na 2025, Boyle da Dod Mantle sun koma ga irin wannan tunani, inda suka ɗauki yawancin fim ɗin da wayoyin iPhone.

Kwalliya da jini

Da yake Night of the Living Dead baƙi da fari ne, an yi amfani da ruwan cakulan a matsayin jini, domin a hoto ba a bambance su. Da aka koma fim mai launi sai aikin ya ƙara wuya. Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a rundunar Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, shi ya yi kwalliyar Dawn of the Dead. Ya shafa wa gawarwakin launin toka, amma a hoto sai da yawansu suka fito shuɗi-shuɗi. A Day of the Dead ya yi amfani da fatar roba da ake mannawa a fuska, haƙoran roba da kayan cikin dabbobi. Greg Nicotero, wanda ya fara aiki a ƙarƙashinsa a wannan fim, shi ya jagoranci kwalliyar shirin The Walking Dead da aka fara nunawa a 2010.

Akwai tsarin da ake bi don rage kuɗi: waɗanda za su tsaya kusa da kyamara su ake yi wa cikakkiyar kwalliya ta sa'o'i, na tsakiya a yi musu fenti, na can baya kuma a sa musu abin rufe fuska kawai.

Tafiyar zombi da saurin kyamara

Saurin zombi shi ke tsara yadda za a ɗauki fim da yadda za a tace shi. Gawarwakin Romero a hankali suke tafiya, don haka kyamara takan tsaya daga nesa ta daɗe tana nuna yadda suke ƙaruwa. Tsoron yana cikin yawansu da rashin gajiyarsu. The Return of the Living Dead na 1985 ya nuna masu gudu, amma 28 Days Later da sabon Dawn of the Dead na Zack Snyder a 2004 su suka yaɗa salon. Masu gudu suna buƙatar kyamarar hannu mai girgiza da yankan hoto gajeru-gajeru, ta yadda mai kallo ba zai samu damar ƙare musu kallo ba.

Motsin jiki ma koyar da shi ake yi. Masu shirya The Walking Dead sukan horar da 'yan cike gurbi kafin a fara ɗauka, a Train to Busan kuma gwanayen tsara rawa ne suka koyar da karkarwa da lanƙwasar gaɓoɓi. World War Z na 2013 ya bi wata hanya, inda aka ƙirƙiri dubban zombi da kwamfuta suna hawa kan juna har suka haura katangar birnin Ƙudus.

Kyamara a hannun ɗan wasa

Wasu fina-finan suna nuna kamar wani daga cikin mutanen labarin ne ya ɗauki hoton. Fim ɗin Sifaniya mai suna REC na 2007, na Jaume Balagueró da Paco Plaza, ya bi wata 'yar jarida da mai riƙe mata kyamara cikin wani bene da aka killace a Barcelona. Mai kallo ba ya ganin komai sai abin da kyamarar ta ɗauka. A Japan, One Cut of the Dead na 2017 ya buɗe da fitowa ta minti 37 ba tare da yanka ba, sannan sauran fim ɗin ya nuna cikin raha yadda ma'aikatan suka sha wahalar ɗaukar ta.

Sauti

Shiru yana da muhimmanci kamar kiɗa. Ana cire ƙarar motoci da hayaniyar mutane, a bar iska, takun ƙafa da gurnani daga nesa, sannan a saki ƙara mai ƙarfi ba zato. A fim ɗin 1968 an yi amfani da kiɗan da aka riga aka naɗa ake bayarwa haya, saboda babu kuɗin ɗaukar mai tsara kiɗa. A Dawn of the Dead kuma, ƙungiyar Goblin ta Italiya ta yi wani ɓangare na kiɗan, aka haɗa shi da sassauƙan kiɗan kasuwa da ke tashi yayin da gawarwaki ke yawo tsakanin shaguna. Masu sharhi da dama suna ɗaukar wannan a matsayin zambo ga al'adar yawan saye-saye.

Yaɗuwa

Sauƙin kuɗin waɗannan dabaru ya sa masu shirya fim a ƙasashe da yawa suka ɗauke su. A Najeriya, C.J. Obasi ya fitar da Ojuju a 2014, inda gurɓataccen ruwan sha ya yaɗa cutar a wata unguwar talakawa mai cunkoso a Legas. Matsattsun lungunan unguwar su suka tsaya a matsayin rufaffen gidan Romero. Fim ɗin ya samu kyautar fim mafi kyau na Najeriya a bikin AFRIFF na wannan shekarar.