Dashen zuciya da ƙodar alade: ina aka kwana kan batun cuta?

Jama'a, cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wani manomi da ya ji ana dasa wa mutane zuciyar alade da ƙodarsa a Amurka. Yana tambaya, yaushe aka fara wannan abu, kuma cutar alade ba za ta bi dashen ta shiga mutane ba?

To malam, batun halas ko haram mun bar wa malamai, ga dai tarihin. Abin ya daɗe. A 1906 wani likita a birnin Liyon na Faransa, Mathieu Jaboulay, ya haɗa wa wata mata ƙodar alade, wata kuma ta akuya, duk ba su yi aiki ba. A 1984 aka dasa wa wata jaririya zuciyar gwaggon biri a jihar Kalifoniya, ta rasu cikin mako uku. Daga baya hankali ya koma kan alade, domin girman gaɓoɓinsa ya yi kusa da na mutum, yana haihuwa da yawa, kuma cutar biri ta fi saurin kama ɗan Adam.

Sai dai ka san wanda aka yi wa dashe, ana ba shi magungunan da ke raunana garkuwar jikinsa don kada jikin ya ƙi baƙon abu. Ke nan in ƙwayar cuta ta biyo, ƙofa a buɗe za ta tarar. Tsoron kuwa bai tsaya kan majinyaci ba, har iyalinsa da masu jinyarsa. Ka dubi Malesiya a 1998 da 1999, inda cutar Nipah ta tashi daga jemagu zuwa aladu, daga aladu zuwa makiyaya. Mutum sama da 100 suka mutu, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. Wannan fa ba dashe aka yi ba, cuɗanya ce kawai.

Ƙwayoyin da ake tsoro iri biyu ne. Na farko, waɗanda alade ke kwasa a rayuwarsa, tsabtar kiwo da gwaji na iya raba shi da su. Na biyu, waɗanda ake kira PERV, a cikin ƙwayoyin gadonsa suke, da su ake haihuwarsa. A 1997 Farfesa Robin Weiss da abokan aikinsa a Landan suka nuna a ɗakin gwaji cewa PERV na iya shiga ƙwayoyin jikin mutum. Amma a 1999 aka binciki mutum 160 da aka taɓa yi wa magani da sassan alade, ba a sami wanda ya kamu ba. A 2017 kuma masana a Amurka suka samar da 'ya'yan aladun da aka kashe wa PERV tun daga halitta.

Abin mamaki, irin na farkon ne ya ɓulla. Ran 7 ga Janairun 2022 likitocin Jami'ar Maryland suka dasa wa David Bennett, mai shekara 57, zuciyar alade. Ya rasu ran 8 ga Maris. An gano alamun wata ƙwayar cutar alade a jikinsa, wadda ta yi lamo a cikin zuciyar har gwajin farko bai gan ta ba. Likitocin sun lissafa ta cikin abubuwan da wataƙila suka lalata zuciyar.

Kai da ka san kasuwar dabbobi, ka san saniya kan yi kyau a kara, sai ta shiga garke ciwo ya bayyana. Shi ya sa ake tsananta gwajin aladun, ana kuma bin lafiyar wanda aka yi wa dashe muddin ransa, kada garin neman gira a rasa ido.

Da fatan ka gamsu, malam. Sai mun sake jin ka.