Ire-iren jiragen tiram na birnin Tunis

Tiram jirgin ƙasa ne ƙarami mai aiki da wutar lantarki, wanda dogonsa ke bin titunan cikin gari tare da motoci. A Tunis, babban birnin Tunisiya, inda ƴan Nijar da dama ke zuwa karatu ko neman magani, mutane na kiransa "metro", ko da yake galibin hanyarsa a sarari take. An buɗe layin farko, mai zuwa Ben Arous, a 1985. Yau layuka shida ne a hannun kamfanin gwamnati Transtu, kuma jirage iri biyu ne ke zirga-zirga a kansu.

Na Siemens

Su ne tsofaffin, ƙirar Jamus, masu launin kore. An kawo fiye da 130 daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Tsawon kowane ya kai kusan mita 30, da gaɓoɓi biyu da ke ba shi damar lanƙwasa a kwana. Sau da yawa akan haɗa biyu su tafi tare. Daɓensu na da tudu, sai an taka matakala kafin a shiga. Shekaru sun ci su: wasu na ajiye suna jiran gyara, abin da ke ƙara cunkoso safe da yamma.

Na Citadis

Kamfanin Alstom na Faransa ne ya ƙera su, sun fara aiki a 2007, kuma jimillarsu 55. Kowane na da sassa biyar da tsawon kusan mita 32. Daɓensu ƙasa-ƙasa yake, kusan daidai da dandamalin tasha, ga kuma na'urar sanyaya iska. An fi ganinsu a layukan kudu, wato na 1 da na 6 mai zuwa El Mourouj.

Abin da ya kamata baƙo ya sani

Wanda ya rako tsoho, ko majinyaci mai keken guragu, zai fi samun sauƙi a Citadis, domin hawa matakalar Siemens cikin turereniya wahala ce. Babbar mahaɗar layukan ita ce tashar Place de Barcelone, dab da tashar jirgin ƙasa. Kada a rikita tiram da TGM, jirgin da ke zuwa La Goulette, Carthage da La Marsa a bakin teku: layinsa dabam, tasharsa Tunis Marine.