Lacca da Larabci, Littafi da Turanci

Idan muka waiwayi tarihin Jami'ar Khartum, za mu tarar da Turanci aka yi mata yaye. A 1902 Turawan Ingila suka buɗe Kwalejin Gordon, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, shekarar da Sudan ta samu 'yancin kai. Daga 1965 makarantun sakandare suka fara komawa koyarwa da Larabci, sai ɗalibi ya riƙa isa jami'a da ɗan guntun Turanci, alhali da shi ake lacca. A 1990 gwamnatin Albashir ta umarci jami'o'i su ma su koma Larabci.

Ba mu raina hujjarsu ba, domin mutum ya fi fahimtar karatu da harshen da ya tashi da shi. Sai dai an sauya harshen aji, ba a sauya na laburare ba. Yawancin littattafan kimiyya suka ci gaba da zama da Turanci. Ɗalibi ya koma tafintan kansa: da rana ya saurari Larabci, da dare ya yi ta kokawa da ƙamus. Ko wajen fassarar ba a haɗu ba. Kwamfuta kaɗai, wani marubuci ya ce "hasub", wani ya ce "hasib".

Fassara aikin shekaru ne. Da aka gaggauta doka aka bar ta a baya, ɗalibi ne ya biya bashin da bai ci ba.