Tsofaffin Damargu da Ajiyar Labari

'Yan'uwa manoma da makiyaya da kuka koyi karatu, ga darasinmu na yau.

Tarihin Damargu kaɗan ne aka rubuta. A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya sauka Tagelel tare da ayarin Abzinawa, ya rubuta cewa hatsin ƙasar nan ne ke ciyar da Abzin. A 1899 sojan Faransa na Foureau da Lamy suka ratsa ta zuwa Damagaram. Duk baƙi ne masu wucewa. Sauran labarin, na rijiyoyi da ayari da yaƙin Kawusan na 1916 da 1917, a bakin tsofaffi ya zauna, daga kaka zuwa jika.

To, me tsufa ke yi wa wannan ajiya? Masana aikin ƙwaƙwalwa sun bincika. Idan shekaru suka ja, kunne yakan yi nauyi, magana mai sauri takan yi wuyar bi, sunan mutum ko na gari yakan maƙale a baki. Amma sanin kalmomi da ma'anarsu ba ya saurin raguwa, har yakan ƙaru zuwa shekara 60 ko fiye. Kuma abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwarsa, shi ya fi zama daram a ransa.

Ku yi lissafi. Wanda ke da shekara 20 lokacin farin 1973, yau ya wuce 70. Shi ya san rijiyar da ba ta ƙafe ba, da hanyar da aka bi da shanu, da abin da aka ci da rumbu ya ƙare, da yadda aka yi a 1984.

Saboda haka in tsoho ya manta suna, kada ku ce ya ruɗe. Ku zauna wurin da babu hayaniya, ku yi magana a hankali, kada ku katse shi. Sunan yakan dawo daga baya. Amma in ya fara ɓata hanyar gidansa, ko maganarsa ta harɗe farat ɗaya, wannan ciwo ne, ku kai shi asibitin Tanut ko na Belbeji.

Tsoho yana da labari, ku kuna da alƙalami. Ku rubuta tun yana raye, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar fari kuma za a nemi abin da ya sani.

Mu kwana nan.