Likimon Ƙwayar Harfis a Jijiya: Nazarin Inda Aka Kwana a Neman Waraka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ƙoƙarin da masana suka yi tun daga 1974 zuwa 2024 wajen neman abin da zai raba ɗan Adam da ƙwayar cutar harfis. An duba sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa ta fuskoki uku: magungunan sha, alluran riga-kafi, da datse kundin gadon ƙwayar. Ma'auni ɗaya aka ɗora kowace hanya a kansa, wato ko tana cim ma ƙwayar da ta yi likimo a curin jijiya, ko kuwa wadda ta farka kaɗai take samu. Nazarin ya gano cewa magunguna da alluran da aka gwada duk farkakkiyar ƙwaya suke yaƙa, kuma datse kundin gado ita ce hanya ta farko da ta taɓa maɓoyar, amma akasarin hujjarta daga ɓeraye ta fito. Maƙalar ta kammala da cewa buri mafi kusa shi ne hana ƙwayar tashi da yaɗuwa.

Fitilun kalmomi: harfis, likimo, curin jijiya, riga-kafi, datse kundin gado

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa ganin wani ya tashi daga zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa a gefen leɓe ba. Sukan bushe cikin mako ɗaya ko biyu a manta da su, sai wani zazzaɓin ya sake fito da su a daidai inda suka fito a da. Wannan komowa wuri ɗaya ita ce ginshiƙin matsalar da maƙalar ta sa a gaba.

Ƙwayar da ke haddasa su bairos ce mai jinsi biyu. HSV-1 ta fi kama baki da fuska, ko da yake takan kama al'aura da ido. HSV-2 kuwa al'aura ce mazauninta, ta saduwa ake ɗaukar ta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da HSV-1, yayin da miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HSV-2. Mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba. Nahiyar Afirka ce kan gaba a yawaitar HSV-2, kuma mai ɗauke da ita ya fi wanda ba ya da ita haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kusan ninki uku. Ƙwayar takan kashe jaririn da ya ɗauke ta wajen haihuwa, takan kuma makantar idan ta addabi ido.

A ƙasar Hausa, harfis na al'aura yakan ɓuya cikin tarin cututtukan da ake yi wa kuɗin goro da sunan ciwon sanyi, masu tallar magani a kasuwa kuma suna alkawarin rabuwa da shi har abada. Manufar maƙalar ita ce tantance abin da ilimi ya tabbatar game da wannan rabuwa.

2.0 Hanyar Nazari

An dogara ga rahotannin gwaji da aka wallafa a mujallun likitanci, da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. An bambanta matakai uku da akan cakuɗa cikin kalmar waraka: kwantar da ƙuraje, hana ƙwayar fita ta fata ta kama wani, da tumɓuke ta daga jiki ɗungurungum. An auna kowane gwaji da matakin da ya kai.

3.0 Yadda Ƙwayar Take Yin Likimo

Idan ƙwayar ta shiga ta fata, takan hayayyafa a wurin, sannan ta bi zaren jijiyar da ke kai saƙon ji har zuwa curin da ƙwayoyin jijiyar suka taru. Ta baki takan yada zango a curin da ke gindin ƙoƙon kai, ta al'aura kuma a curin da ke ƙasan ƙashin baya. A can kundin gadonta, wato DNA, yakan naɗe kamar zobe ya kwanta cikin cibiyar ƙwayar jijiya. Ba ya hayayyafa, kusan ba ya ƙera wani sinadari da garkuwar jiki za ta gani ta kawo farmaki. Zazzaɓi, gajiya, zafin rana, haila ko raunin garkuwa sukan tashe shi, sabbin ƙwayoyi su gangaro ta zaren da suka bi suka hau. Shi ya sa ƙurajen suke komawa wuri ɗaya.

Abu biyu suka tsananta lamarin. Na farko, jiki ba ya sabunta ƙwayoyin jijiya yadda yake sabunta na fata, don haka ba a iya kashe maɓoyar a huta. Na biyu, ƙwayar takan fito ta fata ko da babu ƙurji, kuma a irin waɗannan ranaku ne aka fi ɗaukar ta.

4.0 Magungunan Sha

A 1974 aka haɗa acyclovir a kamfanin Burroughs Wellcome, inda Howard Schaeffer da Gertrude Elion suka yi aiki a kansa, aka amince da shi a Amurka a 1982. Hikimarsa ita ce ba ya fara aiki sai wani inzayim na ƙwayar cutar ya kunna shi, daga nan ya shiga cikin sabon DNA da take saƙawa ya tsinke saƙar. Ƙarfinsa ke nan, rauninsa ma ke nan: ƙwayar da ta yi likimo ba saƙa take yi ba, magani ba shi da abin kamawa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Duk da haka ribarsa ba kaɗan ba ce. Corey da abokan aikinsa (2004) sun bibiyi ma'aurata da abokan zama 1,484, waɗanda ɗaya ke da HSV-2 ɗaya ba ya da ita. Shan valacyclovir kullum ya rage kamuwar lafiyayyen da kashi 48 cikin 100. Amma da Celum da abokan aikinta (2010) suka gwada acyclovir a kan ma'aurata da abokan zama 3,408, waɗanda ɗaya ke da ƙanjamau da HSV-2 ɗaya ba ya da ƙanjamau, a gabashi da kudancin Afirka, da fatan danne harfis zai rage yaɗuwar ƙanjamau, gyambon al'aura ya ragu da kashi 73 cikin 100, yaɗuwar ƙanjamau kuwa ko gezau. Darasin shi ne dannewar da ke kwantar da ƙurji ba ta kai ta kashe wutar da ke ci a ƙarƙashin fata ba.

Sabon rukunin magunguna yana toshe injin da ke warware igiyar DNA kafin a kwafe ta, kuma ba ya jiran ƙwayar ta kunna shi. A gwajin Wald da abokan aikinta (2016), an sami ƙwayar a kashi 2.4 cikin 100 na samfuran masu shan pritelivir, a kan 5.3 na masu shan valacyclovir. An katse gwajin saboda illar da aka gani a jini da fatar birai, sai kamfanin AiCuris na Jamus ya karkata ga masu raunin garkuwa waɗanda acyclovir ya daina yi musu aiki. Ɗan'uwansa amenamevir ya sami amincewa a Japan a 2017, aka faɗaɗa ta zuwa harfis mai komowa a 2023. Ci gaba ne na gaske, amma har yanzu farkakkiyar ƙwaya ake bugu.

5.0 Alluran Riga-kafi

Nan ne aka fi shan kaye. Gwajin Herpevac, wanda Belshe da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, ya ƙunshi mata 8,323 a Amurka da Kanada. Allurar ta ba da kariyar kashi 58 cikin 100 daga ciwon al'aura na HSV-1, amma ba ta kare daga HSV-2 da aka ƙera ta dominta ba. Kamfanin Genocea ya jingine tasa allurar a 2017, GSK ma ya dakatar da wata a Satumbar 2024 bayan ta gaza cim ma ma'aunin da aka gindaya mata.

Wani ɓangare na dalilin yana jikin ƙwayar. Tana da sinadarai a fatarta da ke kama makaman garkuwar jiki su kwance musu ƙarfi, tana kuma tsallakawa daga ƙwayar jiki zuwa maƙwabciyarta ba tare da ta fito fili ba. Allurar mRNA da Harvey Friedman na Jami'ar Fensilbeniya ya tsara da kamfanin BioNTech, wadda aka fara gwadawa a jikin mutane a Disambar 2022, ta auna biyu daga waɗannan sinadarai na kare kai tare da wanda ƙwayar ke shiga da shi.

Abin da ya hana masana yanke ƙauna shi ne 'yar'uwar harfis, ƙwayar ƙarambau, wadda ita ma takan yi likimo a curin jijiya ta farka da tsufa. Allurar Shingrix, da aka amince da ita a 2017, ta hana wannan farkawa da fiye da kashi 90 cikin 100. Ke nan garkuwar jiki za ta iya tsare ƙofar maɓoya ko da ba ta shiga ciki ba.

6.0 Datse Kundin Gado

Keith Jerome da Martine Aubert na Cibiyar Fred Hutchinson a Siyatil sun ɗauki wata hanya daban: tun da zoben DNA ne ke kwance a jijiya, a aika masa almakashi. Almakashin inzayim ne mai suna meganukiliyas, wanda ke gane wani jeri da ƙwayar ta keɓanta da shi. Akan ɗora umarnin ƙera shi a kan wata bairos marar cutarwa, AAV, ta kai shi curin jijiya. Yanka ɗaya ƙwayar jiki takan ɗinke shi. Yanka biyu a wurare mabambanta shi ke sa zoben ya wargaje.

A 2020 sun ba da rahoton kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na kwantacciyar HSV-1 daga wani curin jijiya a wuyan ɓeraye. A 2024 sun kai kashi 90 ko fiye a kamuwar baki, har zuwa 97 a kamuwar al'aura, fitar ƙwayar ta fata ma ta ragu. Sun kuma lura cewa yawan AAV yana taɓa hanta da jijiya, suka rage illar ta hanyar sauƙaƙa haɗin.

A Shanghai ta ƙasar Sin an kai ga mutane. Rahoton da aka wallafa a 2023 ya bayyana majinyata uku masu harfis na ido da ya ƙi jin magani, aka yi musu allurar almakashin CRISPR yayin dashen tantanin gaban ido. A bibiyar kimanin wata 18 cutar ba ta dawo ba.

7.0 Sakamakon Nazari

Idan aka jera hanyoyin a kan matakai ukun nan, magungunan sha sun cika na farko, sun taɓa na biyu. Alluran riga-kafi ba su cika ko ɗaya ba tukuna. Datse kundin gado kaɗai ya nufi na uku, sai dai akwai hanzari. Ɓera ba ya farkar da ƙwayar da kansa kamar mutum, sai da aka tashe ta da magani kafin a auna fitarta. Gwaje-gwajen kuma a kan HSV-1 aka yi su, alhali HSV-2 ce ta fi yi wa Afirka ɓarna. Mutum uku ba tare da rukunin kwatanci ba alama ce, ba hukunci ba. Sannan cutar da akasari ba ta kisa ba za a lamunci maganinta ya lahanta jijiya ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Casgevy, maganin sikila na CRISPR da aka amince da shi a ƙarshen 2023, an sa masa farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Idan maganin harfis ya biyo wannan sawu, zai zo ne ya wuce waɗanda suka fi buƙatarsa.

8.0 Kammalawa

Babu wani magani a yau, na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana fitar da harfis daga jiki. Abin da ya sauya shi ne maɓoyar da aka shekara arba'in ana kewayawa yanzu an san ana iya shigarta. Ba lallai sai an tsince ƙwaya ta ƙarshe ba: idan abin da ya rage a jijiya bai isa ya fito da ƙurji ko ya kama miji, mata ko jariri ba, majinyaci ya sami abin da yake nema. Maƙalar tana ba da shawarar a faɗaɗa gwaji zuwa HSV-2, a shigar da cibiyoyin binciken Afirka tun daga farko, a kuma horar da ma'aikatan lafiya su ware harfis daga cikin ciwon sanyi, domin wanda ba a gano cutarsa ba, ko magani ya samu ba zai san nasa ba ne.