Daga turu zuwa tasha: taɓaɓɓu da ƴan ƙwaya a titunan kudancin Nijar

Duk wanda ya tambayi ƴan tasha a Maraɗi ko Damagaram labarin wani taɓaɓɓe da ke kwana gindin rumfa, amsa guda zai ji: ƙwaya ce ta haukata shi. Wannan amsa ba ta daɗe ba a bakin jama'a. Kakanninmu iska suke cewa, ko sammu, ko gado. Abin da muke son dubawa a nan shi ne yadda aka taso daga waccan amsa zuwa wannan, da kuma wanda nauyin majinyaci ya koma kansa a kowane zamani.

Kafin zuwan Turawa, hauka lamari ne na dangi. Idan mutum ya taɓu, sai a kai shi wurin malam a yi masa rubutu da tofi, ko wurin boka, ko a kira ƴan bori su gano iskar da ta kama shi a yi masa girka. Binciken da Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga a 1972 kan borin ƙasar Maraɗi, da na Nicole Echard a Adar, sun nuna cewa girka ba ta tsaya ga magani ba: wanda aka girka yana samun sabbin abokan zama da matsayi cikin ƙungiya. Sai dai kada mu yi wa wancan zamani kwalliya. Mai duka da jifa, turu ake sa shi ko mari, a bayan gida, wani lokaci shekara da shekaru. Wanda ba ya ɓarna kuwa, shi ne mahaukacin kasuwa: kowa ya san sunansa da gidansu, mai tuwo na zuba masa saura, yara na tsokanarsa, manya na tsawata musu. Yana kwana waje, amma ba baƙo ba ne.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma sun ɗauki lamarin a matsayin na tsaron gari, ba na lafiya ba. Mahaukacin da ya dami kwamandan, kaso ne makomarsa. A Sanigal, daga 1897, har jirgin ruwa ake sa wasu a kai su gidan mahaukata na Marsai. An koka kan rashin tsari a taron likitocin ƙwaƙwalwa na Tunis a 1912, amma sai a 1938 aka kafa dokar kula da masu taɓin hankali a Afirka ta Yamma ta Faransa, yaƙin duniya kuma ya zo ya danne aikin. Yadda Faransawa suka kulle mabiyan Hauka na ƙasar Filinge a wajajen 1925 ya ishe mu misali: ga hukuma, wanda iska ta hau da wanda ya ƙi bin umurni kusan abu ɗaya ne.

Sabon tunani ya ɓullo a shekarun 1950. Lambo ya buɗe tsarin ƙauyen Aro a Abekuta a 1954, inda majinyaci ke zama tare da danginsa. Henri Collomb ya yi irin wannan ƙoƙari a asibitin Fann na Dakar daga 1959. Rabon Nijar a ciki kaɗan ne. Sashen da ake kira Pavillon E a babban asibitin Yamai ya daɗe yana ɗauke da yawancin nauyin ƙasa baki ɗaya, har sunansa ya zama abin ba'a a bakin ƴan birni. Manomin Magariya ko Madawa da ɗansa ya taɓu, kafin ya haɗa kuɗin mota da na zaman jinya a Yamai, ya riga ya sayar da tumakinsa wurin masu magani na kusa. Dokar hukunta laifuka ta 1961 kuma ta gaji ra'ayin Turawa, ta sa yawon banza da bara cikin laifuka.

Abin da ya sauya komai, a ganinmu, shi ne fari. Na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun watsa gidaje da yawa, suka turo mutane bakin birane. Cin rani, wanda a da tafiya ce ta ƴan watanni, ya koma zama. Taɓaɓɓen da ke tashar Tawa yanzu ba wanda ya san mahaifinsa, don haka ba wanda za a ce wa zo ka ɗauki naka. A Damagaram, unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ce da waɗanda gari ya ture, ta nuna yadda birni ke tara waɗanda ba ya so a gefe guda. Fim ɗin Aisha Maki na 2021 ya nuna rayuwar jikokinsu, samarin da ke taruwa a ƙungiyoyin da ake kira fale.

A wannan fili ne ƙwaya ta sauka. Wiwi da zaƙami sun riga ta. Sholisho, wato ruwan da mai faci ke liƙe tayar keke da shi, ya zama na yaran titi saboda arha: a ɗiga a tsumma a shaƙa, yunwa ta lafa, sanyin dare ya ragu, tsoro ya tafi. Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, maganin kanti ya yi tsada, asibiti kuma ya koma sai da kuɗi, sai kasuwar masu tallar magani a faranti ta bunƙasa. Ta wannan hanya tramol ya bazu daga shekarun 2000. Mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, ya sauka tashoshin ruwa na Kwatano, Lome da Legas, ya hauro arewa. Abin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a titi yakan kai 200 ko 225. Ɗan dako da ɗan kabu-kabu da mai turin kura suna sha don su jure aiki, ba don nishaɗi ba. Yawansa na kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, barinsa farat ɗaya kuma na kawo rashin barci, ciwon jiki da firgita.

A nan ne muke ganin amsar ƴan tasha ta gaza. Gaskiya ne ƙwaya na iya rikita ƙwaƙwalwa. Amma sau da yawa tafiyar a juye take: cuta ta fara, gida ya gaji, mutum ya fita titi, sannan ya sami abin da zai sa ya iya barci a can. Wani kuma yaro ne lafiyayye da bara ta fito da shi, titi ya koya masa sholisho. Bambancin yana da nauyi, domin wanda iska ta kama abin tausayi ne da ake nema wa magani, ɗan ƙwaya kuwa shi ya jawo wa kansa. Sauyin suna ya sauke wa dangi nauyi, ya miƙa mutum ga ɗan sanda. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta ƙarfafa wannan ɓangare.

Mari kuma bai ɓace ba, wuri ya sauya. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Najeriya sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan haka aka sake irin wannan a Daura, wadda ba ta da nisa da iyakarmu. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, suna biya, domin ba su ga wata ƙofa ba. A Disamba 2020 Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayi cewa dokokin yawon banza sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka. Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958. A Nijar kuwa, babban matakin da aka gani a 2022 shi ne kwaso mabarata daga Dakar da Akara, akasarinsu mata da yara daga Kance da Magariya, aka mayar da su ƙauyukan da suka baro.